Hajiya na son a dawo da Auta gida, amma wa zai riƙe shi?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Makka ce, a nan aka haife mu, kakanninmu ne suka zo daga Kano. Muna zaune a wajejen Shari'a Mansur. Autanmu shekararsa 34. Ya sha wuya wajen haihuwa, bai yi kuka da wuri ba, sai ya tashi da nakasar fahimta da farfaɗiya. Yana tafiya da ƙafarsa, yana ci da hannunsa, maganarsa ba ta wuce kalma biyu zuwa uku. Yana ɗan shekara 12 Baba ya kai shi cibiyar kula da masu nakasa, saboda ya fara ficewa daga gida ana tsinto shi a titi. Can yake har yau, sai da sallah muke ɗauko shi.

Tun da Baba ya rasu Hajiya ba ta da zance sai na Auta. Ta ce ba ta son ta mutu ta bar ɗanta a hannun bare. Ga ta da ciwon sukari, ga gwiwa. Ma'aikaciyar walwala ta cibiyar ta ce yanzu an fi son irinsu su koma cikin iyali, akwai tallafin kuɗi da cibiyar yini. Yayanmu da ke Jidda ya ce abin kunya ne muna da gida ɗan'uwanmu yana can. To amma ni ce a hawan ƙasa na gidan Hajiya, ina koyarwa, ina da 'yan mata uku. Maigidana bai ce a'a ba, bai ce to ba, sai dai "ki yi tunani". In na ce a bar shi, ji nake kamar na yi wa Hajiya butulci. In na ce a dawo da shi, na san a kaina zai ƙare. Ki ba ni shawara don Allah.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Ra'ayina shi ne Auta ya fito. Sai dai ba a wannan watan ba, ba kuma a kanki ke kaɗai ba. Wannan tsoron da kike ji, ki daina kiransa butulci. Lissafi kika yi, kuma ga dukkan alamu a gidanku ke kaɗai kika yi shi.

Mu ƙarasa lissafin tare. A cibiya akwai mai aikin safe, akwai na yamma, akwai na dare. Akwai mai dafa abinci, mai wanki, ma'aikacin jinya da ke ba da magani a kan lokaci, direba, da mai gadi a ƙofa. Kowannensu yana tashi daga aiki ya je ya yi barci, yana da ranar hutu, yana da albashi. Ranar da aka sa Auta a mota aka kawo shi gida, duk waɗannan ayyukan suna biye da shi, ko ɗaya ba ya tsayawa a can. Hajiya da gwiwarta ba za ta tare namiji mai shekara 34 a bakin ƙofa ba. Yaya yana Jidda. Saura wa? Shi ya sa da na karanta maganar abin kunya sai na ce, to, kunyar ta kowa ce, aikin kuma na mace ɗaya.

Duk da haka na ce ya fito, ga dalili. Mutumin da ya shekara 22 a wuri ɗaya, ko da wurin na kirki ne, ma'aikatansa masu tsoron Allah, akwai abin da ba zai samu ba. Ana tashinsa lokacin da aka tashi kowa, ya ci abin da aka dafa wa kowa, ya sa rigar da aka miƙo masa. Ba a taɓa aikensa ya sayo burodi ba. Bai san maƙwabci ba, liman bai san sunansa ba. Abin da mutum bai yi ba kuwa yana mantawa, shi ya sa za ki ga wanda ya shiga yana iya ɓalla maɓallin rigarsa, bayan shekaru sai an ɓalla masa, don ma'aikaci mai mutum goma a gabansa ya fi sauri in ya yi da kansa.

Ita ma ma'aikaciyar walwalar ba dabara take yi muku don a rage masu kwana a cibiya ba, duniya ce ta juya can. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa, Saudiyya ta shiga cikinta a 2008, kuma sashe na 19 ya ce mai nakasa yana da haƙƙin zama cikin al'umma, da zaɓen inda zai zauna, tare da samun taimakon da zaman yake buƙata. A 2018 aka kafa hukumar kula da masu nakasa a nan ƙasar, a 2023 kuma aka fito da sabuwar dokar haƙƙinsu. Ƙasashen da suka riga kowa a wannan hanya su ne na arewacin Turai. Norway ta fara rufe manyan cibiyoyinta a 1991, Sweden kuma ta sa doka cewa a gama rufe nata kafin ƙarshen 1999. Masu binciken da suka bi mutanen bayan fitarsu sun ga akasari sun ƙaru wajen kula da kansu, kuma iyalai da yawa da suka yi adawa da farko sun dawo suna goyon baya.

Amma ki lura da abin da Yaya bai sani ba. A waɗannan ƙasashen ba gidan tsohuwa aka mai da mutane ba. Ƙananan gidaje aka ba su a cikin unguwa, mutum huɗu ko biyar, kowa da ɗakinsa, ga ma'aikata masu albashi suna karɓa-karɓa, ƙaramar hukuma na biya. Kulawar ta bi mutum zuwa unguwa. Mu ma a tarihinmu haka aka fahimci abin: malaman tarihi sun ruwaito cewa Khalifa Walid bin Abdulmalik ya sa wa kowane gurgu hadimi, kowane makaho ɗan jagora, daga baitulmali.

Inda aka fitar da mutane ba tare da kulawar ta bi su ba, an ga abin da ya faru. A 2016 gwamnatin lardin Gauteng a Afirka ta Kudu ta soke kwangilar wasu cibiyoyi don rage kashe kuɗi, ta kwashe mutane sama da dubu, masu taɓin hankali da masu nakasar fahimta, ta rarraba su ga ƙananan ƙungiyoyi cikin gaggawa. Da yawa an kai su babu takardun asibitinsu, babu maganinsu, wuraren ma wasu ba su da ingantaccen lasisi. Mutum 144 suka mutu, wasu da yunwa, wasu da ƙishirwa, wasu da ciwon huhu. Su ma da sunan komawa cikin al'umma aka yi. Na san gidanku ba haka yake ba, amma abubuwan da suka kashe waɗancan mutanen ƙanana ne da kowane gida zai iya yin sakaci da su: takarda, magani, da wanda ya san mutumin.

Akwai kuma abin da ba mu son faɗa. Gida ma yana zama kurkuku. A unguwanninmu na nan akwai ɗakunan saman bene da aka sa wa kwaɗo ta waje, da talabijin a kunne tun safe, a ciki akwai wani ɗan gidan da baƙi ba su san da shi ba. Ranar da masu neman aure za su zo a ƙara ja masa kunne. Iyalan nan ba mugaye ba ne, gajiya ce ta kai su, sun ɗauko shi da kyakkyawar niyya, bayan wata shida ƙarfi ya ƙare. Wanda yake wannan ɗakin, wallahi cibiya ta fi masa, don can ko ba komai yana da abokai da tsakar gida. Saboda haka ma'aunin da za ku riƙe shi ne: in Auta ya dawo, ina zai je kowace safiya, kuma da wa?

Ga inda za ki fara. Ki koma cibiyar ki nemi cikakken rahoton lafiyarsa a rubuce: sunan kowane magani, adadinsa, lokacinsa, dalilin da aka sa shi, da ranar da farfaɗiya ta kama shi ta ƙarshe. Sannan ki nemi a haɗa ku da ma'aikacin da yake yi masa wanka da ba shi abinci, ba shugaban sashe ba. Wannan mutumin yana da ilimin da babu shi a fayil. Shi zai gaya miki cewa in Auta yana bugun kunnensa da tafin hannu, haƙori ne ke ciwo, ko cewa ba ya shiga banɗaki in fitila a kashe take, ko cewa in aka canza masa kofi ba zai sha ruwa ba. Mai magana kalma uku da jikinsa yake faɗin sauran, kuma ku da kuke ganinsa da sallah kawai ba ku iya karanta shi ba tukuna. Ki je da littafi ki rubuta.

Daga nan sai a gwada, a hankali. Ku ɗauko shi yammacin Alhamis, ku mai da shi Asabar, a yi haka makonni da dama a jere. In ya zauna daidai, a ƙara zuwa mako guda, sannan biyu. Kada ku ɗauki zuwansa na sallah a matsayin gwaji, don da sallah gida cike yake da hannaye. Gwajin gaskiya shi ne ranar Talata da kike makaranta, yara suna makaranta, Hajiya ita kaɗai da shi. Kada kuma ku fara da azumi ko lokacin aikin Hajji. Kin fi ni sanin yadda Makka take a lokacin: barci ya juye, hanyoyi sun cushe, zuwa asibiti ya zama tafiya.

A cikin waɗannan makonnin ki sa ido a kan Auta, don a duk wasiƙarki na ji abin da Hajiya ke so, da na Yaya, da na maigida, ban ji nasa ba. Ba sai ya yi jimla ba. In Asabar ta yi ya ga an ɗauko jakarsa, ɓuya yake yi ko takalminsa yake nema? In kun isa ƙofar cibiya, riƙe hannunki yake ko saki yake ya ruga wajen wani? Yana da mutanen da ya kwana ɗaki ɗaya da su tun yana yaro. Raba shi da su rashi ne, kamar yadda rasuwar Baba rashi ce, wadda ban sani ba ko an zauna an gaya masa. In ya dawo gida a riƙa kai shi yana gaishe su.

Kada ku sa hannu a takardar sallama sai abubuwa sun tabbata a hannu. Ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a tana da tallafin kuɗi ga masu nakasa bayan an tantance nakasar, kuma wanda yake kwance a cibiyar gwamnati ba ya cikin masu karɓa, don haka sai ya fito za a buɗe masa. Tana kuma ɗaukar kuɗin cibiyoyin yini ga waɗanda suka cancanta. Ki tambayi ma'aikaciyar ƙa'idar shekaru, ki je da ƙafarki ki ga cibiyar yinin da ke karɓar manya maza, ki tabbata akwai gurbi da motar ɗauka. "Akwai" a baki daban, gurbi da sunan Auta daban. Ki kuma tambaye ta, a rubuce, mene ne hanyar komawa in abin bai yiwu ba, don gurbin da aka bari a cibiya ba ya jiran kowa.

Batun farfaɗiya zan ɗan tsaya a kai, don nan ne ake asarar rai. Maganinta ba a tsallake shi, ba a yanke shi farat ɗaya, ko da an shekara ba a ga ciwon ba. Za a sami 'yan'uwa masu cewa ai ya warke, a koma ruƙiyya da zuma da habbatus sauda. A yi ruƙiyya, a sha zamzam, amma ƙwaya tana nan a kan lokacinta, likita ne kaɗai ke rage ta. A buɗe masa fayil a asibitin unguwa tun kafin ya fito, a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, a ga sunansa a Sehhaty, manhajar lafiya ta gwamnati, a san kantin da za a riƙa karɓar magani, don kada ya yanke ko na kwana ɗaya. Kowa a gidan, har ƙaramar 'yarki, ya san abin yi in ta kama shi: a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai buge shi, ba a danne shi, ba a sa masa cokali ko yatsa a baki, a duba agogo. In ta wuce minti 5 a kira motar asibiti a 997. A cire sakatar cikin banɗaki, kada a bar shi da ruwa a baho shi kaɗai. In a cikin magungunansa akwai na kwantar da hankali, ki tambayi likita ko har yanzu yana buƙatarsu, don irinsu sukan daɗe a takardar mutum bayan dalilinsu ya wuce, kuma wasunsu suna rage wa jiki jure zafi, ga zafin garin nan da kan haura digiri 45. Abu biyu kuma da ake rainawa: ƙwarewa wajen cin abinci, wato abinci ya bi ta hanyar numfashi, da rashin yin bayan gida na kwanaki. Dukansu suna kwantar da irinsu Auta a asibiti, kuma ba zai iya gaya muku ba.

Maigidanki kuwa, "ki yi tunani" ɗin nan tambaya ce yake jin nauyin yi. Ki sauƙaƙa masa, ki yi ta da bakinki. Wa zai yi wa Auta wanka? Ina zai kwana? Yaya zamansa da 'yan mata zai kasance? Kawunsu ne, muharraminsu ne, amma namiji ne baligi da ya girma cikin maza zalla, wataƙila ba a taɓa koya masa ƙwanƙwasa ƙofa ko rufe jiki in ya fito wanka ba. Ana koya masa, kuma irinsu suna koyo in aka maimaita da haƙuri, kowa da kalma iri ɗaya. Ki kuma tuna cewa mai irin nakasarsa ya fi zama wanda ake cuta a kan ya zama mai cutarwa, don haka a san wa ke keɓewa da shi, a gida da waje. Abin da zai warware yawancin wannan shi ne mai kula namiji, ko da na rabin yini ne. Gwamnati na yafe wa masu nakasa da suka cancanta kuɗin bizar ɗauko ma'aikacin gida, kamar direba ko mai jinya, amma albashi a kanku yake. Kada kuma 'yan matanki su zama ma'aikatan da ba a biya. Su yi wasa da kawunsu, su raka shi kanti, karatunsu ya ci gaba.

Albashin nan shi ya kawo mu kan Yaya. Ki sa Hajiya ta kira taro, ita ta kira, ba ke ba. A zauna da takarda. Tunda Yaya ya ce a dawo da shi, madalla, sai ya faɗi rabonsa: nawa zai riƙa bayarwa kowane wata, kuma wane ƙarshen mako ne nasa. Jidda da Makka tafiyar awa ɗaya ce, ga jirgin ƙasa na Haramain. Ya zo ya kwana, ya kai Auta aski, ya kai shi Juma'a, ke kuma ki rufe ƙofarki ki huta. Ki faɗa masa da ladabi, a matsayinsa na babba: "Yaya, na yarda da maganarka, amma ba zan iya ni kaɗai ba, wanne za ka ɗauka?" In ya ɗauka, kin sami abokin aiki. In ya fara kame-kame, Hajiya ta ji da kunnenta, ba ke kika faɗa ba.

A wannan zaman a taɓo gado. Auta yana da kasonsa cikakke a dukiyar Baba, na ɗa namiji, nakasa ba ta rage masa ko riyal ɗaya. A je kotu a fitar da takardar walicci, a san wanda ke riƙe da dukiyarsa bisa doka, a buɗe asusu da sunansa, tallafinsa da gadonsa su shiga can, a riƙa rubuta abin da aka kashe. Na ga gidajen da zumunci ya lalace a kan kuɗin mai nakasa, kowa na zargin mai riƙo, alhali ita ce ke cikawa daga aljihunta. Rubutu kariyarki ce. Sai tambaya mai nauyi da dole a yi a gaban Hajiya tana da ranta: bayan ita fa? Burinta kada ta bar shi a hannun bare. To a gaya mata gaskiya, in an dawo da shi babu tsari, ranar da ta kwanta asibiti za a sake kwasarsa a gigice zuwa inda bai sani ba, kuma wannan ya fi zamansa na yanzu muni.

Ga 'yan'uwa masu karanta wannan amsa da ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, na san yawancin tallafin da na lissafa na 'yan ƙasa ne. Ku naku ya fi dogara ga dangi, ƙungiyoyin agaji da mutanen unguwa, amma maganar magani, da raba aiki, da fita kullum, duk ɗaya ne.

In kun yi gwajin nan, aka sami gurbi a cibiyar yini, aka sami mai kula namiji, Yaya ya ɗauki nasa, to ku sa hannu ku kawo shi. In ɗaya daga ciki ya ƙi samuwa, ku tsaya a kan Alhamis zuwa Asabar, kowane mako ba fashi, da hutun makaranta a ƙara masa kwanaki, ku ci gaba da neman abin da ya rage. Ki gaya wa Hajiya haka tun yanzu, ki kuma bar mata zaɓen ɗakin da za a gyara masa, a hawan da ba sai ya hau matakala shi kaɗai ba.